Teloli, Dukawa Da Masu Bin Layi: Tafiyata Kasuwannin Tufafin Maza A Ingila

Daga Kano na tashi da mota bayan sallar asuba, na bi ta Zariya zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka. A Rigasa na hau jirgin ƙasa, ya sauke ni a Idu cikin awa biyu da 'yan mintuna, na kwana a Abuja. Washegari da safe jirgin sama ya ɗauke mu zuwa Landan. Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 4,800 ne. Mun yi awa shida da rabi a sama, wajen rabin lokacin ba abin da ake hangowa ta taga sai rairayin Sahara. Abin da ya tashe ni shi ne yadda shagunan Kano da Abuja suka cika da kwat da jaket da kambas masu ɗauke da sunayen gidajen Turai, samari kuma kullum suna gardamar wanne ne na gaske, wanne ne ya fi. Na ce bari in je inda ake yin wasu daga cikinsu, in taɓa da hannuna.

Farkon Oktoba ne, lokacin da agogon Landan yake daidai da na Najeriya, don sai ƙarshen wata suke mayar da nasu baya da awa ɗaya. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can shi ya tarye ni a Heathrow. Bayan mun gaisa ya dubi kaftanin jikina ya ce, "Kawu, shadda ba ta tare iskar garin nan," ya miƙo mini jaket ɗin ulu da ya zo da ita a jaka. Muna fita na ga gaskiyarsa. Sanyin bai wuce maki 11 ba, amma da yayyafi da iska yake zuwa, ya ratsa shadda kai tsaye. Tun a nan na fara gane cewa tufafinsu sanyi da ruwan sama ne suka haife su: yadi mai kauri, shafi a ciki, wuya a rufe, riga a kan riga. Namu kuwa an yi su ne don iska ta shiga ta fita.

Akwai sabon layin jirgi mai suna Elizabeth da aka buɗe a 2022, wanda ya fi sauri, sai dai kuɗinsa ya ninka na tsohon layi har da ɗori. Muka hau tsohon, na Piccadilly, a kan fam shida ba kaɗan, muka canza jirgi a hanya, muka isa Whitechapel bayan awa ɗaya da kwata. Ba mai karɓar kuɗi a hannu, kati kawai kake dangwalawa a ƙofa. Motar bas ma haka take, a lokacin fam 1.75 ne ko ina za ka. Na sauka kusa da babban masallacin gabashin Landan, na yi sallolin da ke kaina, barci ya kwashe ni tun kafin abinci ya iso.

Da kayan ofis na fara, don su ne mafi kusa. Daga masaukina zuwa unguwar bankuna tafiyar minti ashirin da biyar ce a ƙafa. Ƙarfe takwas da rabi ta yi mini a gaban Babban Bankin Ingila, inda tituna da yawa suka haɗu, mutane na ta ɓulɓulowa daga ramin tashar jirgi. Na zo da tsammanin ganin kowa cikin baƙar kwat da laktaye da laima. Launin dai yana nan, shuɗi mai duhu da ruwan toka, da wuya ka ga wani. Amma laktaye ya yi ƙaranci ƙwarai. Yawancin maza farar riga ko mai ruwan bula suka sa, wuya a buɗe, a kai kuma jaket marar hannu mai zif, jaka a goye, ƙafa cikin kambas. Masu cikakkiyar kwat galibi dattawa ne, ko lauyoyi, ko ma'aikatan inshora da ke kewayen ginin Lloyd's.

Wannan sauyi ba idona kaɗai ya gan shi ba. A 2019 bankin Goldman Sachs ya sassauta wa ma'aikatansa dokar sutura. Annobar korona ta zo ta zaunar da mutane a gida, har a 2021 kamfanin Marks & Spencer ya daina ajiye kwat a fiye da rabin manyan shagunansa. A 2022 kuma hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta cire kwat ɗin maza daga jerin kayan da take auna tsadar rayuwa da su. Ina tsaye a wurin na tuna ma'aikatan bankunan Kano a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, su kuma laktaye ya shaƙe su, sai ranar Juma'a ake yarje musu kaftani. Masu abin sun sassauta a garin da sanyi ma yake ba su hujja. Ban ga dalilin da zai hana ma'aikacin banki a Kano sa kaftani mai tsabta daga Litinin zuwa Juma'a ba.

Daga nan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa yammacin gari, kusan fam uku, minti goma sha biyar. Titin Jermyn shi ne titin rigunan ciki. Akwai tsofaffin gidaje irin Turnbull & Asser, wanda aka kafa a 1885, inda riga ɗaya ke cin ɗaruruwan fam. Akwai kuma irin su Charles Tyrwhitt, inda idan ka ɗauki huɗu a tare kowace ta faɗo ƙasa da fam 50, kuma a nan ma'aikatan da na gani da safe suke saye. Abin da ya burge ni shi ne ba a cewa ƙarama ko babba. Mai shago zai zagaya wuyanka da tef, ya auna hannunka daga tsakiyar ƙeya zuwa wuyan hannu, ya ɗauko wadda ta dace da lambobin biyu. Wanda aikinsa ya tilasta masa shigar Turawa, ya san waɗannan lambobi nasa, ya samu fara biyu da shuɗiya biyu na auduga zalla, ya gama da rabin matsalarsa.

Savile Row tana da nisan minti bakwai daga nan, a tsallaken titin Piccadilly. Sunan ya fi titin girma. Ƙaramin layi ne da za ka ƙure shi cikin minti biyar, gidajen jan bulo a jere, ba hayaniya, ba mai kiranka ka shigo. An shata shi a shekarun 1730, aka sa masa sunan Dorothy Savile, matar mai filin. Gieves & Hawkes ne a lamba 1, Huntsman a lamba 11, Henry Poole a lamba 15. Poole ya samo asali tun 1806, kuma shi ya ɗinka wa Yariman Wales gajeriyar rigar cin abincin dare a 1865, wadda ta zama uwar baƙar shigar da Turawa ke yi a manyan liyafofi har yau. Littattafan odar gidan suna nan a ajiye, da sunayen mutane irin su Winston Churchill da Sarki Haile Selassie na Habasha.

Kafin ka shiga ko'ina, kana iya kallon aikin daga titi. Ɗakunan ɗinkin a ƙarƙashin ƙasa suke, tagoginsu na kallon bakin hanya, sai ka jingina da shingen ƙarfe ka leƙa. Na daɗe a kan wata taga ina kallon wani dattijo da gaban kwat a kan gwiwarsa. Ya naɗe gefen ƙirjin a yatsansa na hagu, yana soka allura da dama, ƙananan ɗinki layi bayan layi, ɗaruruwa, ba wanda zai fito a waje. Da ya gama layi sai ya ɗaga yadin ya duba, sai ka ga ya lanƙwashe da kansa ba tare da an goge shi ba. A gefensa wata budurwa tana danna wa hannun riga wani dutsen guga mai nauyi, tururi na tashi, tana jan yadin tana sake dannawa. Keken ɗinki yana kusurwa, ban ga wanda ya taɓa shi ba tsawon tsayuwata.

A ɗaya daga cikin gidajen wani mai yanka ya ba ni minti ashirin na lokacinsa, bayan na gaya masa ba saye na zo yi ba. Mai yanka daban yake da mai ɗinki. Shi ke ganin mai kaya, ya ɗauki awo wajen talatin, ya kuma lura da abin da tef ba ya kamawa: kafaɗar da ta fi 'yar'uwarta sauka, ƙusumbi, turo ciki, yadda mutum ke tsayuwa idan ya manta ana kallonsa. Sai ya zana duk wannan a kan takarda mai kauri, ya yanke ta gunduwa-gunduwa. Wannan takarda ta mutum ɗaya ce, da sunansa a jiki. Ya shigar da ni wani lungu inda suke rataye, dubbai, wasu sun yi baƙi don tsufa. Daga hannunsa yadi zai tafi wurin mai ɗinka riga, wando kuma wurin mai wando, ramukan maɓalli wurin wata daban da ba ta yin komai sai su, da zaren siliki. A tsakanin yadi da shafi akwai wani kauri da ake saƙawa da gashin doki, shi ke riƙe ƙirji. Mai kaya zai dawo gwaji sau biyu ko uku. A gwajin farko rigar a harhaɗe take da farin zare na wucin gadi, a gabanka za a farke hannun a gyara zamansa da alli.

Ƙungiyar telolin titin, wadda aka kafa a 2004, ta sharɗanta cewa kwat da wando ba za su amsa sunan titin ba sai an zuba musu aikin hannu na aƙalla awa 50. Ana jira wata biyu zuwa uku. Kuɗin ba ya yin ƙasa da fam 5,000, a manyan gidajen ma ya wuce 6,000, wato sama da naira miliyan goma a canjin lokacin da nake can. Yaro kan yi shekara huɗu zuwa shida yana koyo kafin a bar shi da rigar mutum. Mai yankan ya juya mini wani wando ya nuna yadin da suke bari a cikin ɗinki, faɗin yatsu uku, don ranar da mai shi zai yi ƙiba. Ya ce ba baƙon abu ba ne saurayi ya kawo kwat ɗin mahaifinsa a rage masa.

Da zan fita na cire jaket, sai idonsa ya faɗa kan aikin wuyan kaftanina. Ya nemi izini ya kama gefen, ya juya bayansa, ya tambaya ko hannu ne. Na ce wannan na keke ne, amma na nuna masa hoton babbar riga mai aska takwas a wayata, na gaya masa a Zariya akwai masu zama a zaure su yi wata biyu ko uku suna wannan aiki da allura. Ya faɗaɗa hoton ya daɗe yana kallo. Sai ya tambayi sunan gidan da ya yi ta. Rigar tawa ce, na saye ta da kuɗina, amma ban taɓa jin sunan wanda ya zauna ya yi aikin ba, domin ta hannun dillali ta zo, shi ma ta hannun wani.

Wannan tambaya ta bi ni har masauki. A Kano mai tura baro ma yana da telansa. Ya yanki yadi a Kantin Kwari, a auna shi, a ɗinka masa daidai jikinsa, ba ya ganin ya yi wani abin a zo a gani. A Landan wannan shi ne ƙololuwar alatu, sai mai hannu da shuni, sauran jama'a abin da injin ya ɗinka suke zaɓa a jikin maratayi. Hannun da ke zauren Zariya bai gaza na ɗakin ƙasan Savile Row ba, awannin da yake zubawa ma sun fi. Abin da suka fi mu shi ne ajiya. Sun ajiye awon mutum, sun ajiye sunan gida, sun ajiye ranar alkawari, sun kuma sa wa lokacin ma'aikaci kuɗi. Namu awon a bangon shago ko a gefen ƙyalle ake rubuta shi, ya ɓace kafin wata Sallar. Mai surfani kuma ya tsufa idonsa ya mutu, sunansa bai taɓa hawa kan riga ɗaya ba.

A lamba 30 akwai shagon Ozwald Boateng, wanda aka haifa a Landan a 1967, iyayensa 'yan Gana. Yana cikin waɗanda suka shigo wa titin da launuka masu ƙarfi, shunayya da kore da ja, a wurin da aka fi sabawa da toka da shuɗi. Tagarsa ce kaɗai na ga launin da zai shiga taron biki a gida ba a ce mai shi yana makoki ba.

Kayan manyan bukukuwa ban daɗe a kansu ba, don dokokinsu sun fi kayan yawa. Na rana daban, doguwar kwat mai jela da wando mai ratsi da doguwar malafa. Na dare daban, baƙar riga mai ƙirjin siliki. A titin St James's na leƙa Lock & Co, masu huluna tun 1676, inda har yanzu suke ɗora wa mutum wani tsohon ƙarfe mai haƙora a ka don ya fitar da siffar ƙoƙon kansa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne haya. Ango da abokansa sukan je irin shagon Moss, wanda ya faro tun 1851, su ɗauki kayan biki a kan wajen fam ɗari, su mayar bayan kwana biyu, ba wanda ke jin kunya. A wajenmu ango ya sa rigar haya, zancen sai ya kai jikoki. Wani abin da na ji daɗinsa kuma, a sukuwar dawaki ta Ascot da ake yi duk watan Yuni, ɓangaren sarauta da ya fi ko'ina tsanani ya yarda baƙo ya shiga da cikakkiyar shigar ƙasarsa. Babbar riga da hula sun isa.

Ranar Alhamis ɗan ƙanwata ya ce shi zai ja gaba, don kayan samari fagensa ne. Muka tafi Soho, minti goma a ƙafa daga Savile Row, amma wata duniya ce daban. A wani ɗan lungu mai suna Peter Street shagon Supreme yake. Kamfanin ya fara ne a New York a 1994 a matsayin shagon yara masu wasan allo mai taya, ya buɗe reshen Landan a 2011. Duk Alhamis a lokacin kakarsu suke fitar da sababbin kaya, kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya ƙare ya ƙare. Mun tarar da layi ya bi jikin bango, ƙarti biyu a ƙofa suna duba waya suna shigar da mutane 'yan kaɗan. Yara ne galibi, Turawa da baƙaƙe da 'yan Asiya, cikin manyan wanduna da riguna masu hular sanyi da hana-salla.

Da muka samu shiga na taɓa kayan. Riga mai gajeren hannu wajen fam 50, mai hular sanyi ta haura 150. Audugar tana da kauri, ɗinkin ba laifi, amma ba abin da telan Fagge ba zai iya ba. Na faɗa wa yaron haka. Ya ce, "Kawu, ai ba yadin ake saye ba. Kafin magariba wannan rigar ta ninka kuɗinta a intanet, saboda babu ita kuma." Ya nuna mini wasu a bakin lungu da jakunkuna, sun fito ke nan suna ɗaukar hoton abin da suka saya don sayarwa. A 2016 kamfanin ya buga sunansa a kan jan bulo na gini ya sayar dala 30, ya ƙare nan take. A 2020 aka sayar da kamfanin kansa a kan dala biliyan 2.1. Ni dai ban sayi komai ba, kuma ba zan ba wani shawarar ya saya ba, sai in kasuwanci zai yi da shi.

Wanda yaron ya fi zumuɗi a kansa ba shi da shago a wurin. Corteiz sunansa, wani matashi ɗan asalin Najeriya, Clint Ogbenna, ya kafa shi a yammacin Landan a 2017. Ba ya biyan kuɗin talla. Sai ya sanar da wuri a waya, cikin ɗan lokaci ɗaruruwan yara su cika titi a guje. A Janairun 2022 ya ce duk mai jaket ɗin manyan kamfanoni ya kawo a musanya masa da tasa, yara suka tuɓe masu tsada suka miƙa, shi kuma ya bayar da su ga marasa matsuguni. Shekara ɗaya bayan haka Nike ta zo ta yi takalmi da shi. Yaron yana ba ni labarin idonsa na ƙyalli, ya haɗa da ranar da aka yi dogon layi a titin Oxford a 2018 don sayen rigar 'yan ƙwallon Najeriya. Na fahimci abin da ke faranta masa. Ya taso yana ganin ana bin sunan Bature, ga shi yau yaran Turawa na gudu a titi saboda sunan ɗan gida.

Takalmi ya fitar da ni daga Landan. Daga tashar Euston zuwa Northampton kilomita 105 ne ko sama kaɗan, awa ɗaya a jirgi, tikitin zuwa da dawowa ya ci mini kusan fam 30. Bayan Watford gidaje suka ja baya, sai filaye kore shar, tumaki masu kauri, da wata doguwar hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, ƙananan jirage masu fenti na kwance a kanta. Ƙafafuna sun riga sun kumbura da yawon kwanakin baya, zaman jirgin ya yi mini daɗi. Garin ba shi da ƙyalli. Masana'antun suna tsakiyar unguwa, bango ɗaya da gidajen ma'aikata, har ƙungiyar ƙwallon garin ma da sunan dukawa ake kiranta. Tricker's tun 1829 yake, Church's 1873, Crockett & Jones 1879, Edward Green 1890.

A shagon da ke jikin ɗaya daga cikin masana'antun, warin fata da man goge ya tare ni tun daga ƙofa, ƙarar injuna na zuwa ta bango. Wata mata ta ɗauko takalmin da aka tsaga gida biyu ta nuna mini cikinsa. Ba a manna saman da tafin da gam. Akwai wata siririyar fata da ake ɗinkawa ta zagaye gefen, sannan a ɗinka tafin a jikinta, a cike tsakiya da garin ɓawon itace mai laushi wanda ke ɗaukar siffar ƙafar mai shi. Idan tafin ya cinye sai a farke ɗinkin waje a sa sabo, saman bai san an yi ba. Takalmi ɗaya kan bi ta matakai wajen 200, ya yi mako takwas kafin ya fito. A Landan ana sayar da shi fam 500 zuwa sama. A nan akwai waɗanda suka samu ɗan tabo, an rage musu kuɗi sosai. Na ɗauki wani baƙi mai igiya, na juya shi a gaban taga kafin na gano tabon, ɗan ƙarce a bayan dunduniya. Shi na saya, kuma shi ne abu mafi tsada da na saya a tafiyar. Fatar maraƙi ce. Tamu ta jan akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara ɗaruruwan shekaru Turawa na kiranta fatar Maroko, har yau daga majemun Challawa da Sharaɗa Italiya da Sifaniya take tafiya a jeme, wasu su yanka su ɗinka. Ta shanu kuwa ganda muke yi da ita.

A wani ƙauye na kusa, Wollaston, aka fara yin takalmin Dr. Martens a ranar 1 ga Afrilu, 1960, ana sayar da shi fam biyu ga masu raba wasiƙu da leburorin masana'antu. Yau 'yan makaranta da mawaƙa ke sa shi. Wannan labari na kayan aiki da suka bar hannun ma'aikata shi na tarar a buɗe ranar Lahadi a Brick Lane, minti goma daga masaukina. Titi ne da ya ga baƙi iri-iri, kuma dukansu da zare da allura suka ci abinci: masaƙan siliki da suka gudo daga Faransa, telolin Yahudawa, sannan 'yan Bangaladash. Gini ɗaya a tsakiyar titin an gina shi coci a 1743, ya koma wurin ibadar Yahudawa a 1898, ya zama masallaci a 1976. A nan na yi azahar.

Kasuwar gwanjo ce, ba wani abu ba, irin dilolin da ake farkewa a Ƙofar Wambai, sai dai an wanke, an rataye, an kunna fitila. Na ɗaga wata shuɗiyar rigar leburorin Faransa mai aljihu uku. Ta koɗe har ta kusa fari a gwiwar hannu, an yi mata faci biyu da zare daban, akwai ɗigon fenti a ƙirji. Fam 75. Kusa da ita jaket ɗin Carhartt, kamfanin da aka kafa a Detroit a 1889 don ma'aikatan jirgin ƙasa, wuyanta ya cinye, kuɗinta ya fi na sabuwa. Mai rumfar ya ce koɗewar ake nema. Masu sayen kuwa hannuwansu sumul, da kofin gahawa. A hanyata ta zuwa na wuce magina na gaske a kan wani gini, su rigar leda mai ruwan ɗorawa da ƙyalli suka sa, ta 'yan fam kaɗan. Abin bai kwanta mini ba, mutum ya sayi zufar wani ya rataya. Amma yadin kansa ban da abin cewa a kansa. Auduga ce mai tauri, ɗinki layi uku, an ƙarfafa bakin aljihu. Makaniki ko manomi ko ɗan jarida mai yawo ya samu sabuwa, za ta yi masa shekara goma. Sabuwar na nema na saya, shuɗiya, a kan ƙasa da kuɗin tsohuwar.

Daga nan ni da ɗan ƙanwata muka gangara Petticoat Lane, tafiyar minti biyar. A titunan Wentworth da Middlesex sai ga shaguna cike da atamfa da leshi da shadda har rufi, ana ciniki da Yarbanci da Turancin Najeriya. Na ji wani dattijo na waya da Hausar Kumasi, na yi masa sallama, muka gaisa kamar mun saba. Shaddar Getzner ce a gabansa, wadda ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, a kamfanin da ya faro tun 1818, ita ce dai wadda muke rububi a Kwari. Ya ce shi a nan yake saye amma ba ya ɗinki a nan. Telolinmu na Landan kaɗan ne, kuɗin hannunsu ya kusa na yadin, don haka duk mai tafiya gida sai an haɗa shi da ƙunshi.

Ashe yaron ma da nasa shirin. Ya zaɓi yadi biyar na ruwan ƙasa ya biya, ya ce, "Kawu, don Allah ka kai wa telanka, ina so kafin ƙaramar Salla." Muka ari tef a wurin mai shagon, na auna shi a tsaye a tsakanin dilolin atamfa: tsawon riga 42, kafaɗa 18, hannu 25, wuya 15 da rabi. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, na rubuta wannan ma a ƙarƙashin lambobin. Jakata ta tashi kilo 22 a ma'aunin Heathrow, saura ɗaya ta cika abin da aka yarda.